Ranar da Man Famfo Ya Yi Fari

Lokacin muna Jihar Sakkwato, ba a yanke Kebbi ba tukuna, ina da wurin wankin mota a Nasarawa, cikin Birnin Kebbi, da injin feshin ruwa guda ɗaya wanda nake ji da shi kamar ɗan fari. Mu biyu ke aikin: ni da taubashina, ɗan kawuna, wanda ya baro noman shinkafa a Zauro ya zo muna lallaɓawa tare.

Wata safiya cikin bazara na zaro sandar awon mai ta famfon injin, sai na ga man ya yi fari fat kamar kunun gyaɗa. Ba sai an gaya mini ba, ruwa ne ya shiga. To wa ya zuba?

Ni mutum ne mai zargi, ban ɓoye ba. Ko takalmina ya juya a ƙofar masallaci sai na tsaya nazarin wanda ya taɓa shi. Nan take na fara haɗa zance. Kwana uku kafin nan taubashin nawa ya roƙi aron injin zai wanke motar wani abokinsa a Ambursa, na hana, ya yi shiru. Shirun nan na riƙe. Na canja man, bayan kwana biyu ya sake yin fari. Na fara laɓewa bayan bukka ina leƙensa. In ya duƙa kusa da injin, in ce zai sake zubawa. In ya yi dariya da direbobi, in ce da ni suke.

Rana ta biyar na kasa daurewa. A gaban direbobi uku na ce masa, "Kai kaz zuba ruwa cikin man ga. In ba kai na ba, rantse."

Ya dube ni. Ya ce, "Ni za ka rantsarwa bisa ƙarhe?" Ya rantse ɗin, ya wanke hannunsa, ya hau mota sai Zauro. Wallahi har a lokacin cewa nake borin kunya ne.

Na kwance famfon na kai Argungu wurin wani tsohon makanike mai gyaran injinan ban-ruwa. Ya tsiyayi man a kwalba ya ajiye a rana. Ya ɗiga kaɗan a kan ƙarfe mai zafi, man ya yi ta tartsatsi. Ya ce ruwa ne, babu shakka, kuma hanyarsa biyu: ko robobin da ke raba ruwa da mai sun cinye, ko ta sama ya shiga. In robobi ne, sai an aika Sakkwato a sayo sabbi. In ruwan ya ci ƙarfen ciki, sai sabon famfo. In kuwa ta sama ne, a ɗauraye da kananzir, a zuba sabon mai, shi ke nan.

Ya buɗe. Robobin lafiyarsu lau.

Na ce, "Ka gani ko, Baba? Zuba shi anka yi."

Bai kula ni ba. Ya ɗauki murfin man yana jujjuyawa, ya sa tsinke ya zaƙulo wani zare daga ɗan ramin da ke tsakiyarsa. Ya ce, "Wanga zaren buhu na. Mi kaka ruhe injin da shi?"

Na yi masa bayani har da alfahari. Zafin Kebbi ba wasa ba, famfon yakan yi zafi har ba ya taɓuwa. Shi ya sa nake lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, kamar yadda ake yi wa tulu, in riƙa kwara masa ruwa da moɗa duk bayan mota biyu.

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Tulu kaɗ ɗauke shi? Ramin ga nan yaka shaƙar iska. In ya huce, ruwan buhunka yaka ja ciki. Wa ka yin wanga aiki?"

Ni ne. Ban taɓa bari wani ya yi ba, don ban yarda da hannun kowa ba.

Gyaran bai ci awa ɗaya ba. Ban ko sauke famfon a gida ba, na wuce Zauro. Na sami taubashin nawa cikin fadama, laka har gwiwa. Na faɗa masa komai, na ba shi haƙuri, kunya ta gama kama ni. Ina jira ya zage ni, ya kira ni bawansa kamar yadda taubasai ke yi, mu yi dariya a wuce wurin.

Ya goge hannu a rigarsa ya miƙo mini. Ya ce, "Ba komi, Malam. Allah shi kiyaye gaba."

Bai taɓa ce mini Malam ba sai ran nan. Har ya bar duniya, Malam yake ce mini.