Kifin da bai hau sikeli ba

Mun tashi da asubar Alhamis daga unguwar Magajiya a Suleja, mu huɗu a mota ɗaya, sandunan fatsa ɗaure a sama kamar masu zuwa kafa rumfa. Ga wanda bai san mu ba, 'yar ƙungiya gare mu ta masu kamun kifi da ƙugiya, muna haɗuwa duk Asabar a bakin kogin Gurara ta wajen Izom. Ba sana'a ba ce. Da sana'a ce da tuni iyalanmu sun kai mu ƙara. A motar akwai babbanmu, tsohon kafinta da ya haura saba'in, wanda kowa ke ce wa Baba. Akwai mai motar, Bakano da ke aiki a Abuja yana kwana a Suleja. Akwai ni, malamin labarin ƙasa, da na shekara ashirin ina zana wa yara teku a allo ban taɓa jiƙa ƙafa a cikinta ba. Na huɗunmu maƙwabcina ne, Kirista, mutumin gaɓar teku ta yammacin Legas, mai sayar da kayan gyaran janareta.

Tafiyar tasa ce. Ɗan'uwansa shi ne magatakardan wata ƙungiyar masu kamun kifin teku a can, masu fita da jirage su yi gasa sau ɗaya a shekara. Shekara uku maƙwabcin nan yana roƙo a gayyace mu, ana ce masa me mutanen dutse suka sani game da ruwa. Bana aka yarda, da sharaɗi: ƙungiyoyin baƙi biyar ne, ukun farko su za a sake kira baɗi, sauran biyun a gode musu. Mutumin ya daɗe da barin gida, kuma na lura danginsa na kallonsa kamar wanda Arewa ta haɗiye. So yake ya nuna musu ba a banza ya zauna ba. Har riguna ya ɗinka mana iri ɗaya.

Daga Zuba zuwa Gwagwalada hanya lafiya lau. Bayan Abaji ne ta fara nuna halinta, wani wurin a shimfiɗe kamar tabarmar liman, wani wurin kuma sai ka rantse doya aka haƙa. Da muka hau gada kafin Lokoja Baba ya sa aka rage gudu, ya leƙa kogin Kwara ya daɗe, sannan ya ce lallai Gurara ƙanƙane ne amma yana da tarbiyya. Mai a gidajen man hanya ya ɗara na Suleja tsada, kuma kowane mai sayarwa yana da dalilinsa da ya haddace. Okene gari ne da aka jingina da duwatsu, tituna na hawa da sauka, 'yan acaɓa na bi kamar an biyo su. A Owo muka nemi unguwar Hausawa muka haɗa Azahar da La'asar, maƙwabci na gadin mota yana ciniki da mai gasasshiyar ayaba. A Ikire ya saya mana wata soyayyar ayaba baƙa ƙirin mai barkono, wadda ido ke ƙi baki ke nema. Mun shiga Legas da Magariba, muka ƙara awa biyu a cunkoso, wanda Bakano ya ce bai kai na Madalla, kan hanyarmu ta Abuja, ranar Litinin ba. Kishin gida ne kawai. Ya kai har ya wuce.

Ranar Juma'a bayan masallaci aka kai mu ganin teku. Zan faɗi gaskiya, allo ya cuce ni. Na san sunan kowace igiyar ruwa da dalilin cikowa da janyewar ruwa, amma babu littafin da ya gaya mini tana da ƙara, kuma ba ta yin shiru. Baba kuwa ya tsaya hannu a baya, ya tambayi ina ɗaya gaɓar. Aka ce babu. Ya ce to Allah ya kyauta.

Da yamma magatakarda ya karanta mana dokoki a rumfar ƙungiya. A fita da hantsi, a dawo ƙarfe uku. Kowace ƙungiya da jirginta da matuƙinta. Za a haɗa nauyin abin da kuka kama. Kuma duk kifin da ya hau sikeli ya zama na ƙungiyar masu gasa, da shi ake dafa abincin walima. Muka gyaɗa kai. Babu wanda ya ga abin tsayawa a wannan doka ta ƙarshe, har ni da nake taƙama da karanta ƙananan rubutu.

Jirginmu na katako ne mai inji a baya, matuƙinsa wani siririn dattijo da gishiri ya cinye wa launin hula. Ba ya jin Hausa, Turancinsa kuma bai fi na Baba ba, sai yarensu na gaɓa, don haka maƙwabci ne tafinta. Da hantsin Asabar aka ɗaura mana rigunan da ke hana nutsewa, aka ba kowa sanda mai ƙarfen naɗe zare. Mu da muka saba da tana, sai ga shi ana sa wa ƙugiya kifi sukutum, wanda a Izom shi kansa abin a kai gida ne. Muna fita daga bakin mashigi jirgin ya fara sallama da kowace igiya, cikina ya fara amsawa. Ban yi minti talatin ba na mayar wa teku karin kumallona. Bakano ya bi sahu. Baba ko gezau, yana zaune kamar a bencin shagonsa.

Wajen ƙarfe tara sandar Baba ta lanƙwashe, zare ya riƙa fita da kuka. Matuƙi ya rage inji yana ihu, maƙwabci na fassarawa: a bar shi ya gudu, kada a ja. Baba da bai taɓa barin kifi ya gudu ba a rayuwarsa ya cije ya bi umarni. Sun fi rabin awa, kifi ya ja, tsoho ya naɗe, gumi na ɗiga daga gemunsa. Da aka jawo shi gefen jirgi matuƙi ya sa ƙugiyar hannu ya ɗago shi. Dogo ne, ya kai daga ƙasa zuwa ƙirjina, da haƙora irin na tsage amma tsagen da ya samu wuri. Barakuda suke ce masa. Maƙwabci ya yi tsalle har jirgi ya karkata, yana kiran sunan Yesu da na ɗan'uwansa a numfashi ɗaya.

A nan ne zan gaya muku wata al'adarmu. A bakin Gurara, kifin farko da aka kama ba na mai ƙugiya ba ne, ba kuma na ƙungiya ba. Ana miƙa shi ga wanda ke kusa da mu, wanda ba ɗan ƙungiyarmu ba: makiyayi, mai wanki, mai wucewa. Baba ne ya kafa ta. Mun daɗe muna alfahari da ita, kuma yanzu na gane dalili: kifin farko a Gurara ƙaramar karfasa ce da ba ta fi tafin hannu ba. Al'adar ba ta taɓa cin mana komai ba.

Baba ya share hannu a riga, ya nuna kifin, ya nuna matuƙi.

“Gaya masa nasa ne.”

Maƙwabci ya daina tsalle. “Baba, abeg. Wannan ba Izom ba ne. Gasa ce fa.”

“Na sani. Na farko ne ko ba na farko ba?”

“Na farko ne, amma in bai hau sikeli ba mun tashi a banza. In ya hau kuma ya zama na walima.”

“To ka ga ba zai hau ba ke nan. Gaya masa.”

Na dubi maƙwabcina. Babu mai jin yaren nan a cikinmu sai shi. Da ya ga dama sai ya ce wa matuƙi tsoho na yaba tuƙinsa, a wuce wurin, kifi ya hau sikeli, Baba ya ji labari bayan an cinye. Na ga tunanin ya zo masa, don ni ma ya zo mini, kuma ban tabbata da ni ne tafinta zan kore shi ba. Ya daɗe yana kallon ruwa. Sannan ya juya ya yi magana gajeriya. Matuƙi ya cire hula, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya yi doguwar magana yana girgiza kai.

“Ya ce ya gode, amma ku karɓa ku auna, shi ya yafe,” in ji maƙwabci, muryarsa ta ɗan farfaɗo.

“Ka ce masa ni ban iya karɓar abin da na bayar ba. Ya kai wa iyali.”

Wannan ma ya fassara. Matuƙi ya naɗe kifin a jiƙaƙƙen buhu ya tura ƙarƙashin benci.

Sauran yinin mun yi abin da muka iya. Maƙwabci ya kama jajayen kifi uku masu kyau. Baba ya ƙara biyu matsakaita. Bakano, tsakanin amai da amai, ya kama ɗaya. Ni na kama igiyar wata tsohuwar raga, na yi ta fama da ita minti goma ina kiran a kawo agaji. Ƙarfe uku muka dawo. Aka auna, muka zo na huɗu cikin baƙi biyar. Waɗanda suka zo na uku sun ɗara mu da abin da bai kai rabin kifin da ke cikin buhu ba. Bakano ya raɗa mini ko a roƙi mai sikeli ya auna shi a gefe, don dai a sani. Na ce ya bari, wani sanin ciwon kai ne.

Magatakarda ya gode mana a lasifika da ladabi mai kyau, irin wanda ake yi wa baƙon da ba za a sake gani ba. Labari dai ya zaga, don matuƙi bai ɓoye buhunsa ba. Wasu sun zo sun gaisa da Baba da hannu biyu, wasu sun yi dariya a fili. Ɗan'uwan ya ja maƙwabci gefe, na hango shi yana buga tafin hannu a goshi. Abincin walima ya yi daɗi, romon kifi mai yaji da teba, kuma na ci da kyau tunda akwai wuri.

Lahadi da asuba muka juyo. Daga Legas har Okene maƙwabci bai yi maganar da ta wuce a tsaya a sha mai ba. Baba na gyangyaɗi, ko yana yin kamar yana yi. A Lokoja muka tsaya wajen matan da ke soya kifi a bakin titi, muka zauna a benci. Maƙwabci ya ɓare nasa, ya dube shi, sai ya fara magana ba tare da ya ɗago ba. Ya ce shekarar da ya zo Suleja, wata huɗu babu wanda ya san sunansa sai mai gidan haya. Wata Asabar kewar ruwa ta dame shi, ya hau mota zuwa Izom, ya tsaya a bakin kogi yana kallo kawai. Sai wani mutum ya taso ya miƙa masa kifi, ya faɗi abin da bai gane ba, ya koma ya zauna. Ya ce ya tsaya da kifi a hannu kamar wawa, sannan ya je ya zauna kusa da mutumin. Ni na tarar da shi da Baba tare a ƙungiya, ban taɓa tambayar yadda aka yi ba.

Baba ya tsame ƙaya daga baki. “Ni fa ban tuna ba. Babba ne?”

“Ƙarami, Baba. Wallahi ko kyanwa sai ta raina.”

“To ka yi haƙuri. Da ka jira ni a teku.”

Maƙwabci ya yi dariya har ya ƙware, mai soya kifi ta miƙo masa ruwa tana yi masa sannu. Daga nan har Gwagwalada bakinsa bai rufu ba, yana kwaikwayon yadda nake kokawa da raga.

Mun iso Suleja ana kiran Isha'i, ƙafafu a kumbure, riguna na warin gishiri. Ba za a kira mu baɗi ba, kuma maƙwabcina zai daɗe yana shan zolayar danginsa a waya. Ban ce abin bai yi masa ciwo ba, ya yi. Abin da na ƙaru da shi dai, mutum ba ya sanin ko yana da al'ada sai ranar da ta zo masa da tsada. Ta Baba ta zo, ya biya yana share hannu a riga. Amma shi Baba yarensa ya yi. Wanda na fi jinjina wa shi ne wanda magana ta biyo ta bakinsa, babu mai iya kama shi, ya isar da ita yadda aka ba shi.