Ranar da Na Yabi Kang Oding

Da riga mai guga na je wasan kiɗan metal, kiɗan nan mai ƙara da ihu, a unguwar Ujungberung, sai ka ce mai neman aiki. Tun daga ƙofa Kang Oding ya harare ni. Da safe miyar bakso mai curin nama yake sayarwa, da yamma ya hau gurnani a ƙungiyar kiɗan da ko sunanta ba ya karantuwa. Duk mawaƙin da masoyansa suka cika mota guda, a wurinsa ya zama mawaƙin biki. Ni kuwa, Cecep, shiga cikinsu nake nema, da suka gama wasa sai na ce, "Kang, waƙar ƙarshen nan akwai daɗi, har na iya amshinta!"

Ya juya ga mai ganga. "A cire ta. Tunda Cecep ya ji daɗi, mun lalace."