Karen Madam da ya yi furfura a hannunmu

Shekarun baya, lokacin da na gama lise, wato sakandare, ina zaman jiran sakamako a gidanmu na Garwa, maƙwabciyarmu ta shigo mana da kwali a hannu. Ungozoma ce a asibiti, 'yar kudu, mu dai Madam muke ce mata. Ita ce ta yi ta zaryar wanke wa mahaifina ciwon ƙafa kullum kafin ta wuce aiki, har Allah ya karɓi abinsa. Tun daga nan mahaifiyata ba ta iya ce mata a'a.

Ɗan kwikwiyo ne a cikin kwalin, baƙi wuluk, sai ɗan ja-ja a baki da gira da ƙafafu, gashinsa gajere mai laushi. Irin ƙananan karnukan Turawan nan ne da ake kira teriye, waɗanda ko sun tsufa ba sa wuce kyanwa. Madam ta ce za ta Yawunde a yi mata aiki a ƙirji, wata ɗaya ko biyu, kuma ba ta da wanda za ta bar wa shi.

Mahaifiyata ba ta taɓa taɓa kare ba a rayuwarta. A wurinmu kare na maharba ne da makiyaya, ba abin sakawa cikin gida ba. Ta daɗe tana kallon kwalin, sannan ta ce, "Ajiye shi bayan madafa. Yadda kika ba ni shi, haka za ki same shi, in Allah ya yarda."

Wannan maganar ce ta hana ta sakat har shekara uku.

Muka raba aiki. Ni ke wanka da taje gashi, ita ke dafa masa abinci tana ba da umarni daga nesa. Kwanonsa daban, bokitinsa daban. Ko sunansa ba ta kira, "kayan mutane" take ce masa. Matan unguwa suka yi ta tsegumi, wai gidan Hajiya an koma kiwon kare. Ta ce musu najasa dai ruwa na wanke ta, su bar ta da amanarta.

Wata biyu ya wuce, Madam ba ta dawo ba. Da damina ta sauka, ina taje shi wata rana sai na ga gindin gashin bayansa ya yi toka-toka. Na ɗauka tokar murhu ce, na wanke, ba ta fita ba. Kafin shekara ta zagayo baƙin kansa ya tafi gaba ɗaya, ya koma ruwan zuma. Bayansa kuma ya zama toka mai ɗan shuɗi-shuɗi. Gashin ma ya sauya hali, ya miƙe, ya yi tsawo har yana jan ƙasa, ga santsi kamar zaren siliki. Wanda ya san shi a kwali ba zai ce shi ba ne.

Hankalin mahaifiyata ya tashi. Ta ce ranar Garwa ce, ai ko atamfa aka shanya ta wuni sai ta koɗe. Aka yi masa rumfar zana, ana shimfiɗa masa jiƙaƙƙen buhu. Da abin bai tsaya ba ta ce sabulu ne, aka canza. Ta ce kifin Binuwai ne, aka koma nama. Har man kaɗanya na shafa masa, ya yi ta birgima cikin ƙasa ya tashi kamar ƙuli-ƙuli. Abokin yayana mai yi wa shanu allura ya duba shi ya ce lafiyarsa ƙalau, amma shi a kan shanu ya ƙware.

Madam takan kira wayata jefi-jefi, muryarta can ƙasa. In ta tambayi karen, mahaifiyata ta ce yana nan yana cin abinci, wanda gaskiya ne. Sauran kuwa ta haɗiye, don ba a kai wa majinyaci mugun labari. Da an kashe waya sai ta yi tagumi.

Ni da iyayina har kasuwa na je na sayo baƙin rinin da tsofaffi ke ɓoye furfura da shi, ina ganin na gano bakin zaren. Mahaifiyata ta karɓa ta jefa a masai. Ta ce ɓata kayan mutane ƙaddara ce, rufe ɓarnar kuma ha'inci ne, ba za ta haɗa biyu ba. Daga baya wayar Madam ta daina shiga, muka ci gaba da yi mata addu'a ba tare da mun san halin da take ciki ba.

A shekara ta uku, wata rana bayan la'asar, wata tsohuwa ta yi sallama tana dogara sanda. Ta rame, kanta fari fat, gashin ɗan tsugul. Mahaifiyata ta shimfiɗa mata tabarma, ta ce in kawo wa baƙuwa ruwa. Sai da matar ta yi gaisuwar Fillanci ta ce, "Hajiya, jam na? Ba ki gane ni ba?" sannan mahaifiyata ta saki salati. Madam ce. Suka riƙe hannun juna suna kuka.

Mahaifiyata ba ta bari an gama gaisawa ba ta ce in fito da karen. Tana magana idonta a ƙasa. "Madam, ki yafe ni. Baƙi kika ba ni, ga abin da ya zama a hannuna. Wallahi na yi iya yina."

Madam ta zuba masa ido, ta yi dariya, dariyar ta koma hawaye. Ta ce haka irinsu suke, baƙaƙe ake haihuwarsu, launin gaskiya sai a hankali yake fitowa, uwarsa ma haka take. Ta ce a gadon asibiti abin da take roƙo ke nan, Allah ya bar ta ta ga kalar da zai zama. Ta shafa kanta ta ce, "Ni ma ai ba haka na tafi ba, Hajiya."

Ta miƙa hannu ta kira sunansa. Karen ya yi mata haushi, ya ja da baya, ya je ya kwanta gindin kujerar mahaifiyata, wadda ko sau ɗaya ba ta taɓa shafa shi ba. Na ga yadda abin ya soki Madam, ni ma ya soke ni. Ta mayar da hannunta kan cinya, ta ce a bar shi inda ya saba.

Madam ba ta ga wata daminar ba. Karen kuwa ya daɗe tare da mu. Ruwan zuman kansa ya dushe ya koma fari, gashin ya yi shara-shara, santsin ya ragu. Ranar da ya kasa tashi, mahaifiyata ta tsuguna ta ɗora hannunta a bayansa, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Ta ce, "Ashe haka gashin nan yake da laushi." Sannan ta tashi ta je ta wanke hannu.

Har yau in na tuna ina jin tausayinta. Shekara uku tana zargin kanta da ɓata amana, alhali kulawarta ce ta raya shi har ya kai launinsa. Abu mai rai ba ya tsayawa yadda aka ba ka shi, mu ne ba mu sani ba.

Yanzu kan mahaifiyata ya yi fari tas, ni nake yi mata kitso duk Juma'a. Ban taɓa yi mata tayin rini ba.