Facin Yaya a Rumfar Mota

Bayan ruwa ya ci yayana a tafki, motarsa ta dawo hannuna. A-kori-kura ce mai rumfar faiba a baya, wato irin robar nan mai tauri, da ita muke kai bandar kifin Inna daga Wara zuwa kasuwar Yelwa. Ban yi kuka ba lokacin. Ina ci, ina tuƙi, ina amsa gaisuwa, shi ke nan.

Rumfar ta daɗe da tsagewa, tun ranar da reshen mangwaro ya faɗo mata. Yaya kuwa masunci ne, komai a wurinsa kwalekwale ne. Sai ya cusa tsumma a tsagar, ya narka kwalta ya shafe ciki da waje, ya danne da babban yatsa. Na ce masa mota fa ba jirgi ba ce, ya ce in rufe masa baki. Shatin yatsan ya zauna a kwaltar daga ciki, daidai saman inda Inna ke zama tsakanin kwanduna. Ba ta yarda da gaban mota, wai kifinta sai da ido.

Bayan rasuwarsa, ta madubi nake ganin Inna. Duk tafiya sai ta ɗaga hannu ta ɗora yatsanta a gurbin nasa. Ba ta taɓa yin maganar ba, ni ma ban tambaya ba.

Da damina ta sauka, tsagar ta bi ta ƙarƙashin kwaltar ta ci gaba. Ruwa ya jiƙa kifi, ya yi fumfuna, muka zubar. Na kai motar wurin wani mai facin jiragen faiba a bakin ruwa. Ya leƙa ya ce, "Kai! Wa ya yi wanga aiki? Gam ba ya kama kwalta. Sai an kankare ta duka."

Na nuna masa gurbin yatsan na ce, "Ko a bar nan kaɗan?"

"In ka bari, nan za ta sake buɗewa."

Na ce ya kankare. Ya huda ƙananan ramuka a bakin tsagar don kada ta ƙara gudu, ya goge da samfefa, ya shimfiɗa ƙyallen faiba, ya shafe da gam, ya ƙara wani a kai. Na tsaya ina jiran in ji wani abu a raina. Wallahi ban ji komai ba sai ƙaiƙayin ƙurar a hannuna.

Ranar kasuwa Inna ta hau baya kamar kullum. Kafin in tayar da mota na ga hannunta a sama, yana lalube. Wurin ya yi sumul kamar bayan faranti. Ta daɗe tana nema, sannan ta sauko, ta buɗe ƙofar gaba ta zauna kusa da ni.

"Inna, kifin fa?"

"Ba ka ce ruwa ya daina zuba ba?" in ji ta. "Mu tai."