Shinkafar da Ta Jira Motar Mayo Bani

Ranar wata Lahadi bayan girbin shekarar 1996, ina da shekara goma, na ga mahaifiyata, wadda muke kira Dada, ta kife turmi ta zauna kusa da tukunyar shinkafar walima, ta ɗora hannu a kan murfin, ta hana kowa buɗewa. Bikin yayata ne, Adda Hauwa, a gidanmu na unguwar Kolere a Mubi. Maza sun cika rumfa a ƙofar gida suna jiran abinci.

Dada tana da yaya mace guda ɗaya a Mayo Bani, muna ce mata Yapendo Masi. Kirista ce, kamar sauran dangin Dada. Tun da Dada ta musulunta ta auri Baba, Yapendo ba ta taɓa cin abinci a gidanmu ba, sai dai su gaisa a tsaye in sun haɗu a kasuwa. A wannan karon ta aiko cewa za ta zo walima, amma sai an tashi daga coci. Dada ta ce da mu, "Yayata ba za ta ci saura a gidana ba. Kan tukunya za ta ci." Su kuma dangin Baba makiyaya ne, dole su kama hanya kafin La'asar don su tarbi shanu. A ɗan tsakanin nan ake so a ciyar da kowa.

Matan gidanmu ba su da agogo, na Baba kuma yana hannunsa a waje. Don haka Lahadi uku a jere Dada ta zauna tana ɓare gyaɗa tare da mu, idonta a kan inuwar darbejiyar tsakar gida, kunnenta a bakin titi inda motar Mayo Bani ke tsayawa ta yi oda. Daga nan ta kafa duwatsu biyu a ƙasa. In inuwa ta janye daga na fari, a ɗora nama. In ta janye daga na biyu, a zuba shinkafa, za ta nuna daidai isowar motar. Ni da ƙannena muna wasan carafke a wurin kullum, sai ta ja mana kunne cewa duk wadda ta taɓa dutsenta kada ta sa rai da sabon zane.

Babu wanda ya taɓa duwatsun. Ranar walimar da sassafe, Dada tana ɗaki tana shirya amarya, ƙanen Baba, Bappa Hamidu, ya hau darbejiyar ya sare babban reshenta don ya tokare rumfa. Inuwa ta gajarce, ta bar duwatsun tun hantsi. Masu girki suka bi abin da aka gaya musu. Kafin Dada ta fito, shinkafa ta nuna.

Ba ta yi faɗa ba. Ta dubi bishiyar, ta dubi tukunyar, ta sa aka dama kunun gyaɗar da aka tanada don washegari aka kai wa maza, ita kuma ta zauna a kan turmi. Aka yi Azahar aka dawo. Goggo, yayar Baba, ta shigo ta kira Dada da sunanta ta ce, "Kande, mutum ɗaya za ki sa jama'a su wuni da yunwa?" Dada ta ce, "Ki yi haƙuri, Goggo. Ta kusa." Wasu daga cikin makiyayan suka ɗauki sandunansu suka tafi ba su ci ba. Bappa Hamidu ya yi shekara bai shigo gidanmu ba saboda abin.

Can muka ji oda. Yapendo ta shigo da kaza a hannu da ƙullin riɗi a ka, ta tsaya a bakin zaure kamar baƙuwa. Dada ta tashi ta buɗe tukunya, ta zuba kan shinkafar a kwano ɗaya, suka zauna a tabarma su biyu, sannan aka fitar da na maza. Yapendo ta kai loma ta ce, "Shinkafar nan ta caɓe." Dada ta ce, "Jiranki ta yi." Daga ranar, duk girbi sai Yapendo ta zo mana.

Lokacin da 'yan ta'adda suka shiga Mubi a 2014, muka gudu Yola. An ce an ga Yapendo ta nufi duwatsu tare da mutanen ƙauyensu. Ba mu sake jin labarinta ba. Dada ta rasu a Yola kafin shekara ta zagayo.

A 2017 muka aurar da 'yar Adda Hauwa a gidan nan na Kolere. An buga lokacin komai a kati, kowa da waya a hannu, kuma aka gama da rana tsaka saboda tun bayan rikicin mutane sun saba komawa gida da wuri. Abinci ya fita a kan lokaci, shinkafa ta yi wara-wara. Babu motar da muke jira, amma da aka buɗe tukunya na zuba kan a kwano ɗaya, na rufe, na ajiye.