Haƙorin da Bai Iya Jaz Ba

Shekararsa sittin da takwas, yana da mata da jikoki, kuma shi ne mai busa saksofon a ƙungiyar kiɗan jaz da ke wasa a farfajiyar wani otal duk Lahadi da yamma. Dogon Numfashi ake ce masa, don in ya kama sauti ɗaya yakan riƙe shi har shayin mutane ya huce.

A badujalar makaranta ya fara. Ya yi busa a gidan rediyo, ya yi a jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido, inda ya koyi busa ƙasa tana tangaɗi. Duk wannan da saksofon ɗaya ya yi shi. Mai busa kan ɗora haƙoransa na sama a kan bakin saksofon, nasa kuwa, yau da gobe, sun ci wurin har sun yi ɗan gurbi.

Watan jiya yana tauna ƙashin kaza, haƙorin gaba ya fita. Likita ta sa masa na roba, fari tas.

"Malam, ka koma saurayi," in ji matarsa. Da ya busa kuwa sai ta leƙo daga kicin. "Wa ya taka agwagwa?"

Ran Lahadi ma agwagwar ce ta yi kuka. Mai otal ya ja shi gefe, ya ce in haka ta sake faruwa, gara ya huta a nemo wani.

Washegari ya saɓi akwatin saksofon sai wurin likita.

"Baba, nan fa asibiti ne," in ji likita.

"Na sani, 'yata. Haƙorinki ya yi kyau a hoto, amma bai iya jaz ba."

Ta karɓi bakin saksofon, ta haska gurbin da fitila. Ashe tsohon haƙorin a karkace yake, sabon kuwa a miƙe, ya ƙi zama. Ta ɗauko injinta. Ta goge haƙorin kaɗan, ya busa. Ta ƙara gogewa, ya ƙara busawa. Can sai sautin ya fito sumul. Masu jiran layi, hannu ɗaya dafe da kunci, suka yi tafi da ɗayan a cinya.

Lahadin da ta wuce ya ajiye wa likita kujerar gaba. Ya kama sauti ɗaya, bai sake shi ba sai da shayinta ya huce.