Aboka na Gure

Duk wani babban al'amari na duniya, daga faɗuwar dauloli har zuwa shari'ar rijiya, ya dogara ne ga inda aka ɗiga aya. Wannan na gane shi a Gure, shekarun da suka gabaci yaƙin Turawa na biyu, lokacin da aka turo ni daga Damagaram in koyar a lakwal, wato makarantar boko, ban san kowa ba.

Akwai wani mutum mai tebur a gindin bedi kusa da bariki, yana rubuta wa mutane ƙara da Faransanci zuwa ga kumandan. Takardar lauya ba shi da ita, amma ya sa wa kansa sunan da Faransawa ke kiran lauya, aboka. Manoman Gamu da makiyayan Bune suka ji kalmar, suka ɗauka aboki ake nufi, an dai ɗan karkata baki. Shi kuwa bai taɓa gyara musu ba. Ni da na san bambancin, ni na fi su faɗawa cikin kuskuren.

Kullum bayan la'asar sai ya zo da takardunsa in duba.

"Mushe," in ji shi, don haka ake kiran malamin lakwal, "jar tawadarka ta fi kumandan mugunta."

"Malam, ka rubuta saniya ce ta kai ƙarar gona."

"To ƙarya na yi? Ita ta fara shiga!"

Daga nan mu bi littattafai da gardama har magariba. In ya tafi, gidan ya koma shiru, sai ni da allo. Gudun kewarsa ne ya sa sau biyu aka ba ni canji zuwa gida na ƙi, ina cewa yara ne ba zan iya bari ba.

Bayan yaƙi aka buɗe siyasa. Duk wanda ya taɓa rubuta wa ƙara ya jefa masa ƙuri'a, ya zama depite, wato ɗan majalisa, a Yamai. Ban yi fushi da rashin wasiƙa daga gare shi ba; mai ƙasa a ka ba ya samun zama.

Da ya tsufa, an yi hira da shi a rediyo, na jawo kujera kusa. Aka tambaye shi zamansa na Gure. Ya ce gari ne mai albarka, sai dai duk shekarun nan bai samu mutum ɗaya da zai yi hira da shi ba.